Yadda ake riƙe kuɗin cefane su kai ƙarshen wata, su kai ƙarshen shekara

Shekarar da na tare a gidan mijina nan Garwa, a arewacin Kamaru, surukata ta taɓa zama a tsakar gida tana kallona ina aiken yaro butik. Kafin azahar ya je sau huɗu: mai, magi, sukari, sai sabulun wanki. Da ya dawo na huɗun ta kira ni ta ce, "'Yata, kuɗin gida ba ta zaure suke fita ba, ta rariya suke zurarewa." Na ce to Inna. Amma nauyin maganar bai sauka mini ba sai da yara suka ƙaru, kaya kuma suka hau.

Maigidana tela ne. Aikinsa yana cika gab da Sallah da lokacin komawa lakwal, wato makarantar boko, sauran watanni sai abin da Allah ya kawo. Ni kuma ina ƙulla zoɓo da lemun citta ina sayarwa. Ba mu da albashi, kuma ko masu albashin ba su tsira ba. A Fabrairun 2023 litar esans, wato fetur, ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta koma 840. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake kawowa daga Najeriya, ita ma ta bar araha tun da aka cire tallafin mai a can a Mayun 2023. Duk abin da mota ke ɗaukowa ya bi bayan mai. Ga yadda muke yi a gidanmu, a jeren da na ga ya fi sauƙin bi. Zan riƙa faɗin kuɗi da sefa, domin dala da jaka da muke ƙirge da su a kasuwa suna rikita baƙi: dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya 1,000.

Watan farko: kaye da bik kawai

Kada ki rage komai tukuna. Ki sami kaye ɗaya, wato littafin rubutu, kowane dare bayan isha ki rubuta duk abin da ya fita daga hannunki ranar, har sefa 25 ta alawar yaro da 100 ta niƙa. In boko ya yi miki nisa ki rubuta da ajami, ko ki sa babban yaro ya rubuta. Kwana talatin cif. Ran ƙarshe ki ware lissafin gida-gida: hatsi, kayan miya, wuta, zirga-zirga, waya, biki, magani.

Da na yi nawa, abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, da kiredin waya da sukarin shayi, in an haɗa su, sun fi kuɗin naman da muka ci duk watan. Da wani ya gaya mini da baki da na musa. Shi ya sa nake cewa a rubuta: ƙwaƙwalwa tana riƙe babban saye, tana sakin ƙanana, alhali ƙananan ne rariyar da Inna take nufi. Sefa 200 kullum jaka shida ce a wata, 72,000 ke nan a wata goma sha biyu.

Sai zama da maigida

Wannan ya fi kowane mataki wuya, kuma in aka tsallake shi sauran ba za su tsaya ba. Kada ki tare shi da kaye yana shigowa da gajiya. Ki bari ya ci, ya sha ruwa, yara sun kwanta. Ni abin da na ce shi ne, "Malam, ga abin da gidan nan ya ci watan jiya, ka duba mini ko na yi kuskure." Ban ce ya ƙara ba, ban ce ya gaza ba. Da ya gama dubawa, da kansa ya ɗauki bik ya ƙara nasa na waje, goro da shayin shago.

Ku maza, roƙona gare ku guda ne: in da hali ku daina ba da kuɗin cefane kullum da safe, ku ba da na mako. Mace mai kuɗin rana ɗaya dole ta sayi mai a leda, sukari a ƙulli, tumatir kashi ɗaya, kuma duk wanda ya ƙulla mata ya ɗora ribarsa. Mai kuɗin mako tana iya tsayawa ta taya. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a auna hatsi da mai a gaban kowa da kwano ɗaya, gwargwadon bakin da za a ciyar ranar girki, don kada tattali ya koma sanadin rigima.

A nan ne kuma ya kamata ku yarda a kan abin da ba za a taɓa ba. Tattali daban, rowa daban. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda in za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa. A gidanmu ƙoshin yara, tuwon almajiri da na baƙo, da abin da ake aika wa iyaye ba sa cikin abin ragewa.

Ku shimfiɗa shekara gaba ɗaya a shafi guda

Yawancin abin da muke kira "ya zo ba zato" mun san da zuwansa. Lakwal tana buɗewa farkon Satumba. Hatsi yana tsada daga Yuli zuwa Satumba, kuma zazzaɓin sauro yana tsananta a daidai wannan lokacin. Zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40 a Garwa, yana ƙara kuɗin ruwa da kuran, wato lantarki. Azumi da Sallah suna matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Ku rubuta kowanne da watansa da abin da ya ci bara, ku raba jimillar gida goma sha biyu. Abin da ya fito shi ne kuɗin da za a fara cirewa kowane wata, kafin a taɓa na cefane. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hatsi: a nan babban kuɗin yake

Buhun masarar da kika saya a Nuwamba ko Disamba, shi ne za ki gani a Agusta da farashin da zai sa ki riƙe baki. Mu 'yan arewa Allah ya ba mu kaka biyu: masara, dawa, gyaɗa da wake daga Oktoba zuwa Disamba, sannan masakwa da ake girbewa a ƙasar Marwa wajen Fabrairu da Maris. Wanda ta farko ta kuɓuce masa ya jira ta biyu.

Ki fara sanin cin gidanki. Ki auna abin da kike kaiwa niƙa na mako guda. A ce gidan yana cin kilo 2 a rana: buhu mai kilo 100 zai yi kwana hamsin. In ba ku da ƙarfin sayen na shekara, ku sayi na watanni ukun tsada kawai, buhu biyu ke nan, ku rufe, kada a buɗe sai Yuli. Sauran watanni a ci gaba da awo a kasuwa. Ko wannan kaɗai kuka yi, damina ba za ta kai ku ga bashi ba.

Kasuwar Pitowa tana ci ran Lahadi, Ngong ma gari ne na masara. Amma ki lissafa kuɗin mota da na dako kafin ki ce kin sami araha. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, mutum ɗaya mai idon hatsi ya je, a raba kuɗin hanya. Wanda ya je ya zura hannu har gindin buhu, kada ya tsaya a sama. Ya ciza ƙwaya: busasshiya tana fashewa ƙas, mai danshi tana lanƙwasa a haƙori. In ana kokwanto, a zuba hatsin da busasshen gishiri cikin kwalba marar lema, a rufe a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, sai an sake shanya. Masara ko gyaɗa mai fumfuna kada a karɓa ko kyauta ce, gubar da ke cikinta hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Ajiya kuwa, a ɗora buhu a kan katako ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake shi ne mai wuyar sha'ani. Ki nemi buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Dabarar ma 'yar gida ce: a Marwa aka fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na ƙasarmu da na jami'ar Purdue ta Amurka. Ki duba ledar babu huda, ki cika, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin suna shanye iskar da ta rage su mutu. Jarka mai murfi mai kyau, wadda ba a taɓa zuba mata mai ko magani ba, ita ma tana yi in an cika ta har wuya. Kakanninmu toka suke cakuɗawa, kwanon toka kwanon wake, har yanzu tana aiki.

Abu ɗaya nake roƙon kowa da girman Allah: kada a zuba maganin feshin auduga a hatsin ci. A ƙasar auduga muke, maganin yana kusa da hannu, na kuma ga gidajen da ke yin haka don gudun sayen buhu. Kuɗin buhu ba su kai ran yaro ba.

Kayan miya da abin karin kumallo

Lokacin sanyi tumatir yana zubewa, ki yanka ki shanya ya zama kauɗa. Kuɓewa, yakuwa, tafasa, barkono, haka. Albasa tana araha in ta rani ta shigo, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. Kada ki bar ta a buhu, ki baza ta a kan gadon kara a inuwa inda iska ke ratsawa, kina tsince mai laushi kowane mako. Zogale biyu a gefen tsakar gida da tsohon bokiti na yakuwa, ruwan alwala da na wanke shinkafa ya ishe su.

Mai, sukari da sabulu a saya da yawa, amma ga tarkon da na faɗa ciki da farko: na sayi jarkar mai ta lita biyar na ajiye kusa da murhu, ta ƙare da wuri fiye da in da a leda nake saye, domin hannu yana sakewa in ido ya ga yalwa. Yanzu jarkar tana ɗaka. Ran Jumma'a nake tsiyayar na mako a kwalba, da ludayi guda nake aunawa. Sabulun sanda kuma in kin yanka kin bar shi ya sha iska ya bushe, ya fi daɗewa a hannun masu wanki.

A 2022 biredi ya koma sefa 150. A wannan farashin, uku a rana 13,500 ne a wata, ban da madara da sukari. Kunun gyaɗa, koko, ɗumamen tuwon jiya da miyar da aka ɗumama da kyau sun fi riƙe cikin ɗan lakwal har azahar, kuma daga buhun da ke ɗaka suke fitowa. Mun mai da biredi na ranar Jumma'a. Nama kuma ba kullum ba: bandar kifin Lagdo, wake, awara, daddawa, miya ba ta rasa daɗi da su.

Wutar girki

Ki lissafa na itace ko gawayi daga kayenki. In sefa 250 kike kashewa kullum, 7,500 ke nan a wata, alhali farashin hukuma na cika tukunyar gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne. Ƙaramin gida gas zai fi masa, sai dai sayen tukunyar da murhun a farko yana da nauyi, wani lokacin kuma gas ɗin yakan yanke a gari. Babban gida mai tuƙa tuwo a ƙatuwar tukunya, itace ya fi. Mu mun haɗa: shayi da ɗumame a gas, tuwo a itace.

Murhun duwatsu uku rabin wutarsa iska yake dafawa. Ki kewaye shi da laka da ƙaiƙayi, ki bar baki ɗaya na tura itace, za ki ga bambanci a makon farko. Ki jiƙa wake tun dare. Ki rufe tukunya. Ki haɗa komai a gabanki kafin ki kunna ashana. In kin sauke, ki zare ragowar itacen ki bice shi da yashi. Itace a saye shi da rani a tara, da damina ga tsada ga jiƙa. Kuma komai sanyin hunturu kada a kwana da gawayi a ɗaki rufe.

Kuran, ruwa, waya

A tsarin da aka kafa tun 2012, gidan da bai wuce kilowat 110 a wata ba yana biyan sefa 50 kowane kilowat, daga 111 zuwa 400 kuwa 79 ne. To ki san inda gidanki yake a kan wannan iyaka. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, awa shida a dare, yana cin kusan kilowat 11 a wata. Farin nan na zamani mai wat 9 bai kai 2 ba. Ƙwai biyar na tsohon yayi sun cinye rabin 110 ɗin ke nan tun ba a kunna fanka ba. Guga a tara a yi rana ɗaya, ko a koma dutsen gawayi. Gidan haya mai kwanta ɗaya, wato mitar wuta, ga ɗakuna da yawa yana saurin haurawa farashin sama, ku zauna da maigidan haya a kan raba ta.

Randa a inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi, tana rage sayen ƙanƙara da zafi. Famfo mai ɗiga a gyara shi ranar.

Waya: ki yanke abin da za ki sa a wata, ki sayi tsari ɗaya, ki kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp. Orange Money da MoMo suna da amfani wajen ɓoye kuɗi daga hannunki, amma kowane cira da kuɗinsa, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa tun Janairun 2022. A cire sau ɗaya a mako. Iyaye kuma su sa ido a kan cacar ƙwallo a wayar samari, na ga ta cinye jarin yaro mai sana'a.

Lafiya

Hakkinku ne, ku nema. Tun 2011 maganin zazzaɓin sauro marar tsanani kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a asibitin gwamnati. Da damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa da maganin rigakafi na wata-wata, ki karɓa, ki ba yaro na kwana ukun duka. Mai ciki ta sayi cek ɗin lafiya na sefa 6,000 tun awon farko: ya ɗauki awo, haihuwa, tiyata in ta kama, har kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin tsarin. Gidan sauro a ɗaura shi kowane dare. Maganin kan tebur da rana ta gasa a kasuwa, araha ba ta ado: za ki saya, ciwo ya ƙi tafiya, ki kuma biya asibiti. A famasi ki tambayi irin maganin da ba na babban suna ba, sinadarin ɗaya ne.

Lakwal da Sallah da biki

Kuɗin shekara a sakandaren gwamnati ta gama-gari sefa 7,500 ne a ƙananan azuzuwa, 10,000 a manya, amma kowace uwa ta san na ƙungiyar iyaye da littattafai da kaye da ɗinki su ne masu nauyi. Ki riƙa sayen kaye biyu-biyu tun Mayu. Littafin wa ya gangaro wa ƙane, a yi masa bango tun ranar farko, bayan an duba cewa yana cikin jerin na bana. A matsayina na matar tela ina gaya miki, ki kai ɗinki wata biyu kafin Sallah ko Satumba, ki ce a bar lanƙwasa a ƙafar wando da gindin riga.

Ragon layya, in akwai fili, a sayi ƙarami wata huɗu ko biyar kafin lokaci, a kiwata shi da harawa da dusa. Malamanmu na Malikiyya sun ce sunna ce a kan mai hali, ba a kan wanda yake bukatar kuɗin don larurar gidansa ba. Babu kunya a shekarar da ba a yi ba.

Biki ne ya fi ba ni wahala, don zumunci ba abin wasa ba ne, wadda ta zo miki dole ki je mata. Abin da na yi shi ne na yanke kuɗin gudunmawa na wata. Anko kuma na 'yan'uwa na jini kawai nake yi. Sauran nakan je da wuri da tufafina masu tsabta, in kama aiki a madafa. In an ce, "Yaya, ba ki yi ankon ba?" sai in ce, "Wannan karon ban samu ba, ƙanwata, amma ga ni." Har yau babu wadda ta daina gaishe ni a kan haka.

Inda abin da aka rage zai kwana

Kuɗin da kika tsimi in suka zauna a bakin zane, kafin Lahadi sun tafi. Ki shiga adashe da mutanen da kika san gidajensu da sana'arsu, ki zuba abin da ko a mako marar ciniki za ki iya, kuma tun ranar farko ki roƙi kwasarki ta faɗo a Nuwamba don hatsi ko a Agusta don lakwal. Uwar adashe ta riƙa rubutawa a gaban mutum biyu. Ban da shi, a yi asusu na ciwo kaɗai, gwangwani ko lambar waya dabam, wanda ba a taɓa shi don biki ko baƙo.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In akwai littafinki a butik, kada ki jira sai kin iya biya gaba ɗaya. Ki je ki ce, "Alhaji, a rufe shafina daga yau, zan riƙa kawo 500 kowace Jumma'a." Sabon saye ya zama da kuɗi hannu. Namu ya ɗauki wata bakwai kafin ya ja layi a kai. Jumma'ar da ta biyo baya, ɗari biyar ɗin nan asusun ciwo na kai ta, kuma da ita aka biya gwajin jini da damina ta kama autanmu.